Bakancen Tatang

Manila,
22 ga Maris, 1998

Zuwa ga Yaya Puring,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya aikin asibiti da zafin Jidda? Yaya ƙafar taki da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Ni lafiyata ƙalau. Na san a nan kike jira in rubuta "mun gode Allah". Ki cike da kanki, kin san ba zan rubuta ba.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, kuma sau biyun raina ya ɓaci. Kin ce mahaifinmu zai sake fita bana ranar Babbar Juma'a, ranar tunawa da gicciye Almasihu, ya rufe fuska, a tsattsaga masa baya da fasassun kwalabe, ya bi titi yana zabga wa kansa bulalar gora. Tatang, mai shekara sittin da takwas, ga ciwon suga! Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na tuna miki ɗan yankan da ya ji a yatsan ƙafa bara ba, wanda ya yi wata huɗu yana ruwa. Likita ya faɗa masa a gabana cewa in aka buɗe masa baya irin wannan buɗewar, ba lallai ya sake haɗewa ba.

Sai kika ce in je gida, wai ni kaɗai zan iya hana shi. Ni? Kin manta a kaina aka fara wannan abin? Ina ɗan shekara bakwai taifod ta kwantar da ni, Tatang ya yi bakance cewa in na tashi zai riƙa dukan kansa duk shekara. Na tashi. Allurar kwana goma sha huɗu da aka yi mini kuwa, ba wanda ya taɓa ambatonta a gidanmu. Ke kina cikin gida kina girki, ni mahaifiyarmu Ima take ja zuwa bakin titi, ta riƙe mini haɓa, ta ce, "Buɗe idonka, Ladio. Wannan jinin dominka yake zuba." Har a farar rigata yake fallatsowa. Da yamma kuma ni ake miƙa wa ruwan ganyen gwaiba in wanke masa bayan.

Dangi suna cewa littattafan jami'a ne suka lalata ni. Ƙarya suke yi. Na yi wa Fada, limaminmu, hidima a coci shekara takwas, na durƙusa ana jan carbi kullum ƙarfe shida na yamma, na fi kowa haddace addu'o'i. A bakin titin nan na fara barin addini, ranar da na tambayi kaina wane irin mai iko ne zai kwantar da yaro, ya ƙi sakinsa sai ya karɓi fatar bayan ubansa. Na daɗe ina haɗiye tambayar. Shekara shida ke nan da na faɗa musu a fili, a bikin Ista ɗin nan da Ima ta sa aka yanka alade, kuma ban yi nadama ba. Tatang ne da kansa ya koya mini faɗin gaskiya. Kin tuna ranar da na ce na je coci alhali kamun kifi na tafi, ya zuba gishiri a faranti ya sa na durƙusa a kai, hannuwa a miƙe?

Zan je, amma ba don lallashi ba. Zan ƙona bulalar nan ne, in ya so ya tsine mini. Wannan bakance da ba ya ƙarewa ya ishe ni.

Ki gaida abokan aikinki.

Ƙaninki,
Eladio

Gida,
Laraba, 8 ga Afrilu

Yaya Puring,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da wata.

Kin sani. Tun farko kin sani, kika bar ni na shiga mota kamar wawa.

Na iso jiya da rana, na tarar da Tatang a rumfarsa ta kafinta yana kankare sababbin sandunan gora, yana ɗaura su a igiya. Ya rame, Yaya, wuyan rigarsa har lilo yake. Na fizge bulalar na nufi murhu. Ima ta tare ƙofa da ludayi a hannu, ta ce, "Ƙona mana, malamin kimiyya, gora ta ƙare a garin ne?" Na ce mata shekara ashirin da biyar ana biyan ciwo ɗaya, ko wane irin bakance ne ai ya ci a ce ya cika. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Na ciwonka? Ai shekara ashirin ya ɗauka, ya cika tuni. Aladen da ka ci ka ƙoshi sannan ka buɗe baki ka ce babu Allah, na murnar me ka ɗauka aka yanka?"

Ashe ranar da ya sauke nauyin nan, a ranar na ɗora masa sabo. Washegari ya koma coci ya yi wani bakancen, cewa ba zai ajiye bulala ba sai ɗansa ya dawo. Shekara biyar ke nan yana zubar da jini a kan maganar da na faɗa a teburin cin abinci, kowa a garin nan ya sani, har mai sayar da ƙanƙara, ban da ni.

Na koma rumfa. Na ce, "Tatang, to ba ni. Ai ɗa yana ɗaukar wa uba bakance, ɗan Mang Tasyo maƙwabcinmu ya ɗaukar masa. Fuska a rufe take, wa zai san ni ne?" Bai ko ɗago ba, ya ce, "Shi zai sani. Ka daki kanka don wanda ka ce babu shi? Ai wannan wasan yara ne." Na ce zai mutu. Ya ce kowa ma zai mutu, in miƙo masa wuƙar can. Na tambaye shi me yake so. Ya ce in je in furta zunubaina gaban Fada, in karɓi gurasa mai tsarki da ake ba masu bi a coci yana kallo, shi ke nan, shi kuma ya ajiye bulala.

Kin ga tarkon da kuka haɗa? Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Ya dai ɗora bayansa a gabana ya ce in zaɓa. Fadan ma ya sha hana mutanen gari wannan dukan a wa'azi, amma maganarsa ba ta wuce ƙofar coci. Na tsani wannan abu, Yaya. Na tsani addinin da ya koya wa kafinta mai hankali cewa ƙauna sai da jini. Kuma ina fushi da ke, da kika zauna a Jidda kina rubuto mini "kai kaɗai za ka iya", ba ki gaya mini da me zan iya ba.

Mutumin da ya sa na durƙusa a kan gishiri saboda ƙaryar kamun kifi, shi ne yau yake jira in yi ƙarya a gaban gari duka. Ba zan yi ba. Jibi ne Juma'a.

Eladio

Manila,
13 ga Afrilu

Yayata Puring,

Bayan gaisuwa, ina fatan wannan ta same ki lafiya. Waccan wasiƙar na riga na jefa ta a gidan waya, in ta iso ki karanta, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Bayan Tatang lafiya lau. Ba a taɓa shi ba.

Ranar Alhamis da safe na fito na gan shi yana wanka a bakin famfo. Rabona da ganin bayan nan shekara da shekaru. Ba sauran fata mai kyau a jikinsa, tabo ne a kan tabo, kuma can ƙasa da kafaɗar hagu akwai wuri ɗaya na bara da har yanzu bai gama rufewa ba. Yana ta ƙoƙarin kai hannu wurin ya kasa. Na karɓi soson na wanke masa, kamar da. Na sa riga na tafi coci.

Fada ya tambaye ni rabona da furta zunubi, na ce shekara goma sha huɗu, na ji ya yi ajiyar zuciya ta bayan labule. Na lissafa masa fushi da girman kai, waɗannan dai gaskiya ne. Da ya tambaya ko na dawo da zuciya ɗaya, na ce e. Da yamma na bi layi, na buɗe baki, aka ɗora mini gurasar a harshe. Ɗanɗanonta na nan yadda na san shi, kamar takarda. Ban ji komai ba sai kunya. Ima tana ta kuka, tsofaffin matan gari suna shafa mini kai suna cewa ɓataccen ɗa ya dawo, ni kuwa ji nake kamar in kurma ihu.

Ranar Juma'a muka zauna a baranda ni da shi, masu bulala suna wucewa fuska a rufe. Yana sanye da riga fara. Tun bayan ciwona ban taɓa ganin Tatang da riga ba a wannan ranar. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baɗi ma za ka zo." Na ce zan zo. Ya ce, "Bulalar tana nan a kan rufin rumfa, ban yar ba." Ban sani ba ko ya gane, Yaya, kuma ba zan tambaya ba.

Saboda haka kada ki rubuto mini barka, kada ki kunna kyandir don godiya. Ban dawo ba. Har yanzu ban yarda akwai kowa a can sama ba, kuma fushina bai ragu ba. Abin da ya faru kawai shi ne bakancen ya dawo kaina: duk shekara zan shiga mota in je in durƙusa in yi ƙarya, har ranar da Tatang zai bar duniya. A hanyar dawowa na kama kaina ina lissafin shekara nawa ke nan. Ina so su kai talatin.

Ki aiko masa da maganin shafawar nan, na wurin kafaɗar.

Ƙaninki,
Ladio