Ba a Mutuwa Ranar Jajibiri

Dakoro, ranar Laraba

Zuwa ga uwargidana Aisata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Hamdiya da su Inna a Ajekoriya. Yaya jego? Albishirinki! Amma ki bi ni a hankali.

Kin san tun da aka kawo Baba Elhaji asibiti da ƙabar nan tasa ya ce wuƙa ba za ta taɓa cikinsa ba. Lokotoron kuwa, wato likitan da zai yi masa aikin, mutumin Sipaniya ne, Faransancinsa gurgu, kuma ni kaɗai ke jin yarensa, albarkacin shekara shida da na yi ina tsinkar tumatir a ƙasarsu. Ni da tun aurenmu ban taɓa haɗa ido da mahaifinki ba, in na hango shi sai in sake hanya, sai ga ni tsugune gaban gadonsa ina tafinta.

Lokotoro ya dafa kafaɗarsa yana murmushi, ya jefo karin maganarsu: nadie se muere la víspera. Wato ba mai mutuwa ranar jajibirin ajalinsa. Aisata, gumi ya karyo mini! Wa ke ambaton mutuwa a kan majinyaci, balle suruki? Na so in ce gaishe shi ake yi. To amma mutumin da ya shekara arba'in yana dillancin shanu, ai daga fuska yake gane ƙarya. Na sunkuyar da kai na faɗa masa yadda take, na ƙara da cewa irin tamu ce: mai rabon ganin baɗi sai ya gani.

Kawunki Kalla ya miƙe a fusace, wai a naɗe tabarmi a koma gida. Baba ya tsayar da shi. Ya ce kwana uku kowa na rantse masa babu abin da zai same shi, shi ya sa ya ƙi. Amma wanda ya san kwana ba a hannunsa yake ba, wannan zai iya ba shi cikinsa.

Jiya aka yi aikin. Ya farka lafiya, har yana faɗa don an hana shi fura! Yau da na je na tsuguna bakin ƙofa kamar kullum, sai ya ce in matso, in ɗago kai. Ashe idanunsa Hamdiya ta ɗauko sak. Shekara huɗu ina surukinsa, sai yau na gan su.

Ki ce wa Inna ta share hawaye. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Saminu