Agogon da Ka Bar wa Inna Ya Tsaya

Zuwa ga yayana Bello na Gummi, wanda ake kira Bello Mai Agogo, a duk garin da yake.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce ƙanwarka Hajara. Na ba direban motar Kano wasiƙa, na ba wani mai fataucin goro da ke zuwa Ikko, duk sun dawo mini da abata a ninke. Shi ya sa na kai wannan wasiƙar gidan jarida. Na san labarin duniya bai dame ka ba, amma ba ka taɓa tsallake shafin da ake sanar da gwanjo, don haka na roƙi a sa ta kusa da wurin. Waɗanda za su riga ka karantawa su yi mini afuwa, dole ce ta sa na fito da maganar gida waje.

Yaya, agogon da ka bar wa Inna ya tsaya, ita kuma ta daina cin abinci.

Ka san inda abin ya samo asali. Shekarar da Turawan kamfanin hanya suka gama aiki a wajen Anka, aka yi gwanjon kayansu a Gusau. Ka je ne don ka sayo wa Baba injin ban-ruwa, sai ga ka ka dawo da agogon hannu na farin ƙarfe, mai ƙananan fuskoki uku a cikin babbar fuska da maɓallai biyu a gefe. Baba ya juya shi, ya sake juyawa, ya tambaye ka ta ina ruwan ke fitowa. Har ya bar duniya bai daina yi maka wannan tambayar ba.

Kai kuwa ko a jikinka. Ka tara mu a tsakar gida kana nuna mana yadda yake. A danna maɓallin sama, dogon hannun nan ya fara zagaye. A sake dannawa, ya tsaya cak. Babu abin da ba ka auna ba a gidan nan: dakan gero, tafasar ruwa, har doguwar surar da liman ke ja a sallar asuba. Ni ma ka auna yawan surutuna, ka ce agogon ya gaji kafin ni.

Daga nan ba a sake yin gwanjo tsakanin Gusau da Sakkwato babu kai ba. Mutane na taya firji da kujeru, kai kana can wajen kwalin tarkace kana neman tsofaffin agogunan da masu su suka yar don sun sayi na batir. Ka ce irinsu an daina ƙerawa, wata rana sai an neme su da fitila. Wataƙila gaskiyarka ce, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne akwai wani mai baƙar fuska, na matuƙan jirgin sama, da wani attajiri ya fi ka tayi aka sallama masa. Tun daga ranar hankalinka ya bar Gummi, gangar jikinka kuma ta bi baya, ka tafi neman irinsa.

Ranar tafiyarka Inna ta riƙe bakin rigarka a zaure. Don ka samu ta sake ka, sai ka cire agogon nan na fari, ka danna maɓallin sama, ka sa mata a tafin hannu. Ka koya mata yadda za ta riƙa murɗa ɗan kan nan na gefe kowace safiya. Ka ce ta bar shi yana tafiya, kai za ka dawo ka tsayar da shi da hannunka. Kana dariya ka faɗa, Yaya. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Kullum bayan sallar asuba, kafin ta hura wuta, sai ta ɗauko shi daga cikin kwalla, ta murɗa, ta kara a kunne. In maƙwabta suka tambayi labarinka sai ta ce, "Shina nan lahiya lau, yanzu nij ji shi." Mun yi mata dariya da fari. Daga baya muka daina, don mu ma da babu wasiƙa babu saƙo, ƙarar nan muke zuwa saurare.

Da kakar nan, ana tsakiyar yankan gero, ta murɗa bai amsa ba. Ta girgiza, ta hura masa iska, ta shanya shi a rana kamar jiƙaƙƙen hatsi. Shiru. Aka aiko mini Bukkuyum inda nake aure, na baro 'ya'yana wajen uwar mijina na taho. Na iske ta zaune a bakin gado, ƙwaryar furar jiya tana gefe ba a taɓa ba.

Babu inda ban kai shi ba. Mai gyara na kasuwar Gummi ya ce shi yanzu batir kawai yake canzawa. Na Anka ya buɗe bayansa, ya leƙa, ya mayar da murfin da sauri kamar ya ga gidan rina. Ya ce barin dogon hannun yana gudu ba hutawa ne ya cinye wani ɗan haƙori a ciki, kuma ba shi da irinsa, ba ya jin akwai mai shi a duk ƙasar Zamfara. Na sayi wani na batir mai kama da shi na kawo mata. Ta kara a kunne, ta miƙo mini, ta ce, "Wanga ba shi na ba. Kak ki yi man wayo, Hajara."

Na yi mata bayani har muryata ta dushe. Liman ya zo ya gaya mata rai a hannun Allah yake, ƙarfe ba ya riƙe ran kowa. Ta ce ta sani, ta yi istigfari, amma da aka kawo tuwo sai ta kau da kai. Kunu kaɗan take kurɓa, shi ma sai na yi kuka. Awarwaron da ke hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Akwai ranar da na ɗauki agogon zan jefa shi rijiya. Amma tsoro ya fi haushin yawa, Yayana. Tsoro nake ji ka samu baƙin agogon naka ka dawo da murna, ka iske zaure cike da masu gaisuwa. Ba na neman ka kawo komai. In ba ka samu abin da ka je nema ba, babu mai yi maka gori, ni da kaina zan toshe bakin duk wanda ya fara. In zuwa ba zai yiwu yanzu ba, ka yi magana a kaset ka ba direban Gummi, ta ji muryarka.

Ga abin da ya sa na kasa jira. Kai ne ɗan farinta, ka san tun da ta haife ka bakinta bai taɓa kama sunanka ba. Ko wani Bellon za ta kira, sai ta yi masa laƙabi. Shekaranjiya da hantsi ina shara a ƙofar ɗakinta, na ji ta ɗaga hannu tana addu'a, ta ce, "Allah shi jiƙan Bello." Da ƙarfi ta faɗa, ba ta ko sunkuyar da kai ba. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Ta daina jin kunyarka, Yaya, don ta gama sa ka cikin matattu.

Ya Allah, Ka kai wannan takarda gaban idonsa. In yana da lafiya Ka juyo da ƙafarsa gida, in yana kwance Ka tashe shi, Ka ara wa Inna kwana har ya shigo zauren nan ya yi sallama. Amin.

Ƙanwarka da ke jira,
Hajara, daga ɗakin Inna a Gummi.