Baba Ya Ba Tumatir Kanwa

Ƙanƙara, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Uwais,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Baraka da yara. Allah ya tsare ku a Fatakwal, ya buɗa kasuwa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji.

Labarin lambun da ka haɗa mana ne ya sa na ɗauki biro, tumatirin nan da ke tsaye cikin bokitan ruwan taki ba ƙasa. Ka san dalilinsa. Tun da muka baro 'Yargoje saboda 'yan bindiga, Baba ba ya da magana sai ta gonarsa, hanyar kuwa wanda ya bi ta ba a da tabbacin dawowarsa. Mun so lambun ya riƙe shi a gida, amma ya ce wannan noman 'yan boko ne, kuma in lambun ya mutu, ruwan farko na sauka zai saɓi fartanya ya koma.

Sai ga sabbin ganyen sama sun koma rawaya, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore. Na ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. Wallahi Yaya hankalina ya tashi, don duk ganyen da ya koɗe, Baba nake hangowa a hanyar daji. Na roƙi Ummu Salma malamar gona ta zo. Ta ce da tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe, da yunwar taki ce, amma wannan sinadarin ƙarfe ne tsiron ya rasa. Ta tsoma 'yar takardar gwaji, ta ce ƙarfen yana cikin ruwan, saiwa ce ta kasa sha saboda tsamin ruwan ya mutu. Ta tambaya ko wani na zuba toka ko kanwa.

Sai Baba ya kama tari yana jan carbi. Nan Inna ta tafa hannu, ta ce ashe ɓarawon kanwarta na gida ne, ita kuwa tana ta zargina! Baba ya ce ya ga tsiron yana ramewa ne, kuma tun tasowarsa dabbar da ta rame kanwa ake ba ta, ba zai zuba ido mai rai ya wahala a gidansa ba. Mun yi dariya har da hawaye. Ni nawa ba na dariya kaɗai ba ne, don ashe kullum yana leƙa su a ɓoye.

Mun zubar da ruwan, mun haɗa sabo da ɗan ɗigon lemun tsami kamar yadda ta nuna mana. Ganyen da ke fitowa yanzu kore shar. Takardar gwajin kuwa ta koma cikin hular Baba, ba mai taɓa ta.

Ranar Alhamis aka yi ruwan farko. Kawu Barau ya zo tambayar yaushe za su leƙa gona. Baba ya ce bana kam a yi haƙuri, yana da marasa lafiya da suka fara farfaɗowa, ba zai bar su hannun waɗanda ba su san noma ba. Fartanyar tana nan rataye a zaure.

Don Allah in ka kira kar ka tsokane shi da zancen kanwa. Inna da Hafiza suna gaishe ku. A shafa mini kan Muslim da Fatima Zahra'u.

Taka ƙanwa,
Najiba