Tanko Bai Iso Gida Ba

Zuwa ga yayana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ce Mariyama nake rubuto maka daga Matameye. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma tun ina ƙarama wurinka nake kai ƙara, kuma bakina ya ƙi sabawa da shiru. Zan ajiye ta a nan shafina na intanet, duk wanda ya karanta ya sa ka a addu'a.

Hadari ya fara haɗuwa, 'yan ci rani sun fara dawowa. Kullum motocin Kano na sauke su a tasha da katifu da buhuna. Inna ta daina zama a ƙofar gida da yamma, wai iska ke damun ƙirjinta. Duk mun san abin da ba ta son gani.

Maganar akwatinka na zo yi maka, don gara ka ji ta daga bakina.

Ka tuna dariyar da ake yi maka? Kowa na dawowa daga ci rani da abin nunawa, wannan rediyo, wancan keke. Kai kuwa ka kwashe rani guda kana gyaran takalman mutanen Kano da Ikko, ka dawo da atamfar Inna da ta matarka Hadiza, sauran jakar kuma cike da littattafan zane. Waɗannan masu hotuna gida-gida, magana na fitowa daga bakin mutane cikin 'yar ƙawanya. Wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kake tsinto su. Inna takan ce, "Ƙato da gemu, sai kwasar kayan yara." Kai dai sai murmushi.

Koren akwatin ƙarfen nan ka ɗora shi kan bulo saboda gara, ka zuba masa ganyen dogon yaro. Ba ka yarda a taɓa shi da hannun da ya ci tuwo. Ni kaɗai ka taɓa nuna wa yadda ka jera su: kowane labari da 'yan'uwansa, bi da bi, da 'yar lamba a kusurwar bango. Ka ce mini, "Wannan ƙanen wannan ne. Ba a raba su."

Ingilishinka na ciniki ne, Yaya, ka yi haƙuri in faɗa a gaban mutane. Faransancin ma ɗan abin da ka tsinta ne kafin a cire ka daga lakwal, makarantar boko, ka kama fartanya. Amma idan an taso daga gona, ka yi wanka ka zauna gindin dogon yaro ka buɗe littafi, har manya sukan matso da tabarminsu. Ba ka kallon rubutun. Hoto kake kallo, labarin na zubowa daga bakinka. Sarkin da ke cikin littafi sai ya zama wani mai rowa na Icirnawa, matarsa kuma ta yi magana da muryar gwaggonmu ta Yauri sak, har da tsakin.

Daminar bara ka fara wa 'yarka Nana labarin Tanko. Wani gajeren mutum ne mai laima, kowane littafi yana wani gari. Ka ce mata ɗan ci rani ne, ya ɓata hanyar gida, kuma ya bar 'yarsa tana jira. Nana ba ta kai shekara goma ba, amma ta san wa ake nufi. Takan kwanta a cinyarka tana tambaya ko yau zai iso. Kai kuma da jan rai, littafi ɗaya sai ka yi kwanaki kana jansa. Da ya rage na ƙarshe sai ka mayar da shi akwati, ka ce, "Bari mu yanke gero tukuna, Tanko ma ya ɗan huta."

Ba ka ga yankan geron ba. Zazzaɓin da muka ɗauka na damina ne ya kwantar da kai, ya tafi da kai muna kallo.

Bayan arba'in, da aka gama kai amfanin gona gida, aka kira Malam Isa rabon gado. Ka san shi, mutum ne mai tsoron haƙƙi. Maza na zaure, mu mata muna cikin gida muna ta fama da tukwanen baƙi. Aka raba gona, aka raba awaki, aka yi wa kayan gyaran takalminka ƙima. Sai aka zo kan akwati. Ƙanenmu Habu ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce shi da kansa ya ce wa Malam takardun wasa ne, a bar wa yara. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ko allura mamaci ya bari, haƙƙin magada ce. Akwai marainiya a ciki. Ba zan tsaya gaban Allah a kan takarda ba."

Sai suka juye akwatin a kan tabarma, Yaya. Suka ware masu kauri gefe, sirara gefe, masu kyan bango daban, yagaggu daban. Sannan suka raba yadda aka raba awaki, kowane kaso a sa masa mai ƙiba a sa masa ramamme, don kada a cuci kowa. Nana rabi, Hadiza tumuni, Inna sudusi, saura ni da Habu, shi biyu ni ɗaya. Suka daɗe a kai suna aunawa a hannu, suna canja wannan da wancan. Babu wanda ya kalli 'yar lambar da ke kusurwa. Babu kuma wanda ya yi tunanin a leƙo cikin gida a tambayi mace, ko da kuwa ni ce da nake koyarwa a lakwal.

Da aka miƙo mini nawa a ɗaure da igiya, ina kwancewa na ga ɓarnar da aka yi. Tsakiyar wani labari ga ta manne da ƙarshen wani, farkon wani kuma shi kaɗai. Na yafa gyale zan fita zaure, Inna ta riƙe mini hannu ta ce, "An riga an shafa fatiha, Mariyama." Na koma na zauna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan riƙe a zuciya. Da wani ya sace su, da na san inda zan kai fushina. Amma kowa gaskiya ya yi iyakar saninsa.

Inna ta sa nata a ƙarƙashin matashin kai. Ita da ta yi shekaru tana yi maka gori a kansu, na sha shiga in tarar tana shinshina su, wai suna ƙamshin jakarka. Rannan wata maƙwabciya ta zo gaisuwa, ta gan su, ta ce mata mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hotuna. Inna ta wuni tana kuka. Washegari ta tara yaran unguwa ta raba musu sadaka, ta ce Allah ya kai maka ladan. Kwanaki ina tafiya lakwal ina tsallake shafukanka a kan hanya, wasu an yi jirgin sama da su, wasu akuya na ci. Me zan ce wa uwar da ke neman hanyar aika wa ɗanta abu?

Hadiza ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Ɗan Barto tare da Nana. Akwatin ya faɗo a kason Nana, da shi suka tafi. Na ɗauki nawa kason na kai mata, muka baje duka a tsakar ɗaki muna haɗa abin da zai haɗu. Na Tanko mun samu farkon, mun samu wasu na tsakiya. Nana ta juya tarin nan sama da ƙasa, sannan ta ɗago ta ce, "Gwaggo, na ƙarshen mai shuɗin bango ne. Baba ya nuna mini bayansa, ya hana ni buɗewa." Na yi mata alkawari zan nemo shi. Ka san ni da saurin baki.

Na bi yaran unguwa gida-gida, ba wanda ya ga mai shuɗin bango. Ya rage kason Habu, shi kuwa ya riga ya tafi ci rani, layinsa sai a yi ta kira ba ya shiga. Na tambayi matarsa Balki, ta ce ba ta san littafin da nake nufi ba, kuma a ranar ta yi gaskiya, don duk ɗaya suke a wurinta.

Wata safiya ina sauri zan tafi aiki ban karya ba, na tsaya wurinta a tasha inda take tuyar ƙosai. Ta ƙunsa mini, ta miƙo. Ina karɓa na ga laima. Tanko ne, Yaya, mai ya jiƙa masa fuska, yaji ya ɓata masa riga.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, har masu jiran mota suka juyo. Balki ta saki matsami, idonta ya kawo ruwa. Ta ce takardar ƙunshi ce ta yanke mata, da ƙyar ta samu Habu a waya ya ce ta ɗibi littattafan kasonsa a ɗaki. Ta ce, "Wallahi Yaya Mariyama, sai da na duba. Na ga boko ne, babu sunan Allah a ciki. Da na ga ko harafi ɗaya na Arabiyya ba zan taɓa ba." Ita ma gaskiyarta ke nan.

Na durƙusa gefen kaskon na bincika abin da ya saura. Na samu shuɗin bangon, da 'yan shafuka daga farko zuwa tsakiya. Daga baya take yagowa, don haka ƙarshen ne ya fara tafiya. Ya bi matafiya zuwa Damagaram da Kano da ƙauyuka, an ci ƙosai an goge hannu an yar.

Duk da haka ban cire rai ba. Na ce in na san sunan littafin, sai in sa Habu ya bi masu tsofaffin littattafai a Kano ko Allah zai sa a dace da irinsa. Na kai bangon da shafukan wurin wani abokin aiki mai koyar da Ingilishi. Ya karanta, ya tambaye ni labarin da ka ba Nana, na faɗa masa. Sai ya fashe da dariya, da ya ga fuskata kuma ya haɗiye ta. Ya ce mutumin nan ɗan sandan ciki ne, ɓarayin zinariya yake bi gari-gari. Ba shi da 'ya, ba shi da gidan da yake nema. Sunansa ma ba ya kama da Tanko.

Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Ko na samo littafin sabo fil, babu abin da zan karanta wa Nana. Ƙarshen labarin Tanko a cikin kanka yake, kuma mun kai shi maƙabarta tare da kai. Haba Yaya, da ka faɗa mata tun a daminar! Me ya haɗa Tanko da yankan gero?

Makon jiya na hau mota zuwa Ɗan Barto. Na shanya shafukan a rana, na danne su da dutse, amma tabon man ya ƙi fita, kana ɗaga su kana hango haske ta ciki. Shafin da ya fi kusa da ƙarshe yana nuna Tanko tsaye a bakin wata hanya, ya naɗe laimarsa, ga jaka a ƙasa. Na zaunar da Nana, na gyara murya na ce to, daga nan Tanko ya hau mota, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gida, 'yarsa ta rugo ta rungume shi.

Ta saurare ni har na gama, don ka yi mata tarbiyya. Sannan ta ce, "Gwaggo, Baba ba ya sauri haka. Kuma Tanko ba ya tahowa bai sayi tsaraba ba." Na ce to ta faɗa mini yadda za a yi. Ta daɗe tana kallon hoton. Hadiza ta tashi ta fita tsakar gida, wai za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba.

Nana ta karɓi shafin, ta sa shi cikin shuɗin bangon, ta buɗe akwatin. Ta ɗora shi kan bulo, Yaya, ta zuba masa sabon ganyen dogon yaro, ba wanda ya koya mata. Ta jera shi a bayan 'yan'uwansa, ta rufe. Ta ce, "A bar shi a tasha. Yana jiran mota."

Ga inda muke ke nan. Ban cika alkawarin da na yi mata ba, kuma ba zan iya ba. Hadiza ta ce tun da 'yan ci rani suka fara dawowa, duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai Nana ta ɗaga kai.

Ina kewarka, Yaya. Ina kewar yadda kake lasar yatsa kafin ka juya shafi, da yadda kake yin shiru daidai wurin da ran mutum ya fi so, sai an roƙe ka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Allah ya karɓi sadakar Inna yadda ta yi niyya. Ya raya Nana, ya sanyaya zuciyar Hadiza. Ka sha tafiya a duniya, ka kwana a rumfunan mutane, ka gyara takalman da wasu suka taka zuwa gidajensu. Tanko dai yana nan a tasha, ba mu san ranar tasowarsa ba. Kai kam, Allah ya sa ka isa gida.

Ƙanwarka mai kai maka ƙara,
Mariyama