Rasuwar Babbar Sista, Wadda Ta Fito da Nas-nas Daga Aji Zuwa Gidajenmu

Gargaɗi ga duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa: kada ka zo gidan rasuwar nan ka zauna kana girgiza kai kana cewa aiki ya mutu tunda mai shi ta tafi. Mun ji mutum biyu sun faɗi haka, ba ma son jin na uku. Ka karanta har ƙarshe kafin ka buɗe baki.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Iyaye da 'Yan'uwan Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa, a madadin Hajiya Shugaba, da 'yan kwamiti, da ɗaukacin mambobinta maza da mata, ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamar malamai, Hajiya Babbar Sista, shugabar sashen horar da ma'aikatan jinya masu bin marasa lafiyar ƙwaƙwalwa gida-gida, wadda Allah Ya karɓi ranta da safiyar Talatar da ta gabata bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da uku a duniya.

Shekara goma sha tara marigayiya ta yi tana wannan aiki, kuma nas ɗari da arba'in da shida ne suka fito daga hannunta. Ta tarar ana koyar da jinyar ƙwaƙwalwa a kan allo, ɗalibi ya gama karatu bai taɓa zama da mai ciwon ba sai ta bayan taga mai ƙarfe. Ita ce ta ce wata uku ya isa a aji. Daga nan sai ta raba wa kowane ɗalibi gida shida, ta rataya masa jaka, ta sa shi a gaba da ƙafa, lungu-lungu, ko ana ruwa ko ana rana. Ta hana su sa farin kaya in za su shiga unguwa, domin kada maƙwabta su yi cirko-cirko a ƙofa suna nuna gida. Ta koya musu su fara gaida mara lafiya kafin su gaida mai gida, su zauna inda ya zauna, su tambaye shi barcinsa da cin abincinsa da yadda magani yake masa, sannan su yi shiru su jira amsa daga bakinsa. Ɗalibin da ya tsaya a kan mara lafiya yana rubutu, to ranar sai ya sake shigowa daga bakin ƙofa, ko da sau biyar ne.

Mu iyaye ma ba mu tsira ba. Ni mai wannan rubutu, ranar da ta fara zuwa gidana ta tambayi babban ɗana, wanda kowa ya sani da Kafinta, ko yana samun barci, sai na yi caraf na amsa. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Maman Kafinta, ke ce a kan magani ko shi? In ke ce, miƙo hannu in gwada jininki." Ɗalibanta suka sunkuyar da kai suna ƙumshe dariya. Na yi kwana biyu ina fushi da ita. Amma a ranar ne na ji muryar ɗana yana ba da labarin kansa, bayan shekara huɗu ina magana a madadinsa kamar ba shi da baki. Yau shekararsa talatin da ɗaya, ya koma shagonsa, kuma kujerun da ake zama a kansu a ofishin wannan ƙungiya duk aikin hannunsa ne.

Wajibi ne kuma ƙungiya ta faɗi abin da ya faru ranar rasuwar, domin wanda ya ɓoye kuskurensa bai cancanci ya yi wa wani wa'azi ba. Da ƙarfe tara na safe, mu bakwai 'yan kwamiti muka haɗu a barandar asibitin unguwa, muka yi kukanmu, sannan muka yanke shawarar kada a gaya wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yanmu masu lalura. Tsoronmu shi ne kada labarin ya tayar musu da ciwo, mu koma gidan jiya: rashin barci, da surutai, da fita ba takalmi. Wadda ba ta taɓa bin ɗanta a titi da riga a hannu ba, ba za ta gane wannan tsoro ba. Ni na kawo shawarar, ba na ɗora wa kowa. Muka shirya cewa za a ce musu Babbar Sista ta tafi ƙarin karatu. Na koma gida na wanke fuska, na faɗa wa ɗana haka, ya ce Allah Ya dawo da ita lafiya, ya ci gaba da goge katakonsa. An sa jana'iza ƙarfe huɗu na yamma.

Wajen sha ɗaya sai ga nas ɗin layinmu, wadda muke kira Doguwa, ɗalibar marigayiya ta shekara shida da suka wuce, idanunta jawur. Na tare ta a bakin ƙofa na raɗa mata shirinmu. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba. Yau kin ce ta tafi karatu. Wata mai zuwa fa? In ya ji a bakin mai gyaran babur, ni da ke duk ba zai ƙara yarda da mu ba, har maganin da muke ba shi." Na ce in ya birkice, ita za ta riƙe shi? Ta ce, "Ai abin da aka koya mini ke nan. Ba inda za ni." Ashe tun da safe tsofaffin ɗaliban marigayiya sun kira juna a waya sun raba gidaje, kowa ya nufi layinsa, ba tare da wani ya ba su umarni ba.

Ta shiga, ta gaishe shi, ta jawo benci ta zauna kusa da shi, ta ce, "Malam Kafinta, na zo da labari mara daɗi, kuma kana da haƙƙin ka ji shi." Ta faɗa masa kai tsaye, ba kwana-kwana. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Na miƙe zan bi shi, Doguwa ta riƙe mini zane ta ce, "Mama, kuka yake yi. Ke ma ɗazu kin yi naki, an kira miki likita?" Muka zauna a ƙofar ɗakin nan sama da awa guda, ita tana kasa kunne, lokaci-lokaci ta ce masa tana nan. Sai ga shi ya fito, ya yi wanka, ya sa kayansa masu kyau, ya dube ni ya ce, "Umma, da sai ki bari a binne ta ina nan ina goge katako?"

Ƙungiya tana alfaharin shaida wa jama'a cewa mutum talatin da takwas daga cikin waɗanda marigayiya da ɗalibanta suka yi jinya sun halarci jana'izarta da zaman gaisuwa, maza a sahu, mata a cikin gida tare da iyalinta, kowa tsaf da shi, kuma ɗana yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ba za mu yi ƙarya mu ce kowa ya ɗauki abin da sauƙi ba. Mutum uku abin ya buge su sosai. Nas-nas ɗinsu ba su bar su ba, ɗaya an kai ta wurin likita ya daidaita mata magani, kuma zuwa ranar Juma'a duka ukun suna gidajensu cikin iyalansu. Babu wanda aka ɗaure, babu wanda aka kulle. An yi wannan duka Babbar Sista ba ta nan balle ta harari wani ta saman tabarau. Malamin da ɗalibansa suka yi aikinsa daidai ranar da ba ya raye, wannan ya gama koyarwa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai gidanta, Alhaji Shugaban Makaranta mai ritaya, wanda ya yi shekaru yana jiran abincin rana har la'asar saboda 'ya'yan wasu, da 'ya'yanta huɗu, da jikokinta, da Mai Girma Shugaban Makarantar Koyon Aikin Jinya da malamansa, da ɗalibai ashirin da biyu da ta bari a tsakiyar zango, waɗanda Doguwa da 'yan'uwanta suka riga suka ɗauki nauyin fita da su unguwa daga Litinin. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya saka mata da Aljanna Firdausi, Ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Kowace uwa ta san yadda za ta yi da gidanta. Nawa dai na tara su, ƙannen Kafinta da matan ƙannensa har da mahaifinsu, na kafa doka: daga yau babu sauran raɗa a bayan ƙofa. Haihuwa ce, rasuwa ce, rigima ce, duk abin da ya shafi gidan nan za a faɗe shi Kafinta yana zaune, a matsayinsa na babban wa. Wanda bakinsa ba zai iya faɗa a gabansa ba, kada ya kawo mini, ni ma ba na son ji.

Sa hannu:
Hajiya Maman Kafinta
Kakakin Ƙungiyar Iyaye da 'Yan'uwan Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa