Taku Ashirin Daga Gonar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma faɗa da kaji, ka ga kuwa ta warke.

Yaya, na san Baffa ya riga ni kiranka, to ka ji daga bakina. Gwamnati ta ce a sake buɗe burtalin shanu, aka turo mai awon ƙasa da tsohuwar taswira. Ranar awo na sallami ɗalibaina na bi mai awon. Igiyarsa ta ratsa gonar liman, sai ga ta cikin gonar Baba, taku ashirin ta gefen rafi. Na ce ya sake, ya sake, haka ta fito. Da na tambayi Inna, sai ta ce tana amarya shanun gidansu ta nan suke bi su sha ruwa. Marigayi Baba ne ya riƙa ƙara kunya ɗaya duk damina har hanyar ta ɓace.

An tara mu a ajina, dattawa a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. Manoma ta taga, makiyaya ta ƙofa, ba mai kallon wani. Ni aka sa tafinta tunda ina jin yaren kowa. Baffa ya miƙe ya ce baƙi ba za su raba masa ƙasar kakanninsa ba. Kawu, wan Inna, ya ce a nan aka yanke masa cibiya kafin Baffa ya yi haƙori, to wane ne baƙon? Na fassara yadda suka faɗa, ban rage ba. Ka tuna bara, a kan wake aka sari ɗan Baffa, aka ƙone bukkokin su Kawu. Na ga can aka nufa kuma, sai na ce a rubuta taku ashirin ɗin nan, na bayar. Sharaɗina ɗaya: duk saniyar da ta tsallake dutsen iyaka, mai ita zai biya ɓarna, kuma Kawu ne zai tsaya a biya. Ya ce ya ɗauka.

Baffa ya ce jinin uwata ne ya motsa. Na ce masa gaskiya ne, na ubana ma ya motsa, shi ya sa nake so waken bana ya shigo gida ba tare da kowa ya kwana a asibiti ba. Liman ya sa hannu bayana, mutum bakwai suka biyo shi.

Ka kwantar da hankalinka, daga rabona na gado aka cire, ban taɓa naka ba. Kuma ban yi nadama ba. Makon jiya wata saniya ta tsallake, ashe ta ɗan Kawu ce. Kawu da kansa ya tiso ƙeyarsa gaban mai gonar, ya biya. Baffa dai har yau ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa zuwa ba. Jiya ma bai amsa ba, amma ya matsa mini a kan tabarma.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan Autanku da Sarkin Rigima. Inna da Gwaggo suna gaishe ku, Kawu ma ya ce in saka nasa.

Ƙanwarka,
Malama