Injin Baffa Hammadu

Kura, Litinin

Zuwa ga Malam Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Ya ɗalibai, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara wa mahaifinka Malam rahama a kabarinsa.

Na rubuta "Malam" a gaban sunanka don kar a ce ba ni da tarbiyya, amma kai Ra'ufu ne, kuma da Ra'ufu nake magana. Tunda ka ajiye babbar waya, ƙaramar ma ba ka ɗagawa, to ga takarda. Na ce wa Sagiru mai a-daidaita kar ya bar Bunkure sai ya ga ka buɗe ta.

'Yan Kanal mun cika shekara goma, za mu fitar da kundin zaɓaɓɓun waƙoƙinmu bayan girbin shinkafa. Kar ka yi kamar ka manta. Ni a jita, Abuzar a bes, jitar nan mai kaurin murya, kai a ganguna, a bakin kanal ɗin ban ruwa na Kadawa, masu kwandunan tumatir suna wucewa suna cewa aljanu sun shafi yaran nan. Su ɗin ne daga baya suke layin kiranmu biki. Mun kaɗa a buɗe injin casa, mun kaɗa a Kano gaban 'yan jami'a, suka ce wai kiɗanmu rok ne, muka ce to mun ji. Ba mu taɓa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu ba. In ta ɗauke mu, sai inda ta ga dama ta sauke mu.

Mun zaɓi "Kwandon Banza" ta shekarar da tumatir ya ruɓe a bakin titi, da wasu. Amma ta farko a kundin ita ce "Ruwa Ya Iso", wadda muka ɗauka da wayar Abuzar a gonar albasar Baffa Hammadu. Wannan waƙar ita ce mu.

Jiya Abuzar ya ce wai ka aiko a cire ka daga ciki. A cire ka! Rubuto min da hannunka, kafin in zagi wanda bai ji ba bai gani ba.

Naka, ko kana so ko ba ka so,
Mudassiru

*

Bunkure, Laraba

Ɗan'uwana Mudassiru,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Hajiya ta samu sauƙi, tana gaishe ka, ta ce ashe har yanzu bakin nan bai mutu ba. Rubutunka kuwa ya yi kyau. Buhunan takin da ka koyi karatu a jikinsu ba su yi asara ba.

Abuzar bai yi ƙarya ba. Ban yi wa'azi a kanku ba, ba kuma zan yi ba. Amma tun rasuwar Malam makarantar nan a wuyana take. Watan jiya wani uba ya zo har zaure, ya kunna min "Ruwa Ya Iso" a wayarsa, ya ce, "Mai wannan dukan ne zai karantar min da 'ya'ya?" Ya kwashe 'ya'yansa mata biyu. Bai kai su wata makarantar ba, Mudassiru. Suna gida.

Abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ni da iko da shi. Amma sabon kundi, da dukana a ciki, da hotona a bangon kasuwar Bunkure, zai ƙara ɗebe min wasu. Roƙo nake yi, ba umarni ba.

Allah ya bar zumunci.
Abdurra'uf

*

Kura, Asabar

Ra'ufu,

Salamu alaikum, a gaida Hajiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da doguwa yau.

Wai a cire ka. Kana tsammanin tumatir ne da za a tsince ruɓaɓɓe daga kwando? Da waya ɗaya aka ɗauka! Na kai wa mai situdiyo a Kano, ya saurara, ya ce, "Malam, in cire ganguna a nan? Sai dai in cire maka gishiri daga miyar da ta riga ta dahu." Har dariya ya yi min, ɗan rainin hankali.

Kar ka ce ban gwada ba. Na ɗauko makaɗa biyu mu sake ɗauka. Na farko yana gudu kamar an biyo shi. Na biyu ya yi karatun abin, duka daidai, amma waƙar ta fito kamar tuwon jiya. Akwai wata 'yar tangarɗa da kake yi, kamar za ka faɗi sai ka miƙe, a nan nake shigowa da jita. Babu wanda ya iya ta.

Shi wannan uban fa, waƙar me take yi a wayarsa? Ya gama rausaya da ita sannan ya zo zaure yana ɗaure fuska. Saboda shi zan binne shekara goma?

Ka ji da kyau: kundin zai fita, kuma da "Ruwa Ya Iso" zai fita. Sai dai maganar yaran nan biyu ta hana ni sakat, kai ma ka san za ta hana ni, shi ya sa ka rubuta ta. Mugu.

Mudassiru

*

Bunkure, Talata

Ɗan'uwana Mudassiru,

Wa'alaikumus salam. Ina fatan zuciyar ta sauka. Sagiru ya ce ko ruwa ba ka ba shi ba.

In ka fitar ba zan kai ƙara ko'ina ba, ba kuma zan daina gaishe ka ba. Amma kafin nan ka sa abin ji a kunne, ka sake sauraron waƙar, ka ƙyale ganguna, ka nemi abin da ke ƙarƙashinsu.

Ranar da muka ɗauka Baffa yana ba albasa ruwa, injinsa na aiki a bayana. Wannan injin yakan yi tafiya, ya yi tari, ya ci gaba. Tangarɗar da kake nema ba tawa ba ce. Shi nake bi. Duk shekarun da muka yi muna gwaji a gonar nan shi ne ke riƙe mana lokaci, kai kana can ka rufe ido kana cizon leɓe, ba ka taɓa lura ba.

Makaɗinka na gaskiya bai riƙe makaranta ba, ba shi da ɗalibin da za a kwashe. Je ka neme shi.

Wassalam,
Abdurra'uf

*

Kura, Lahadi

Ra'ufu, mutumina,

Salamu alaikum, ya makaranta, ya Hajiya?

Na saurara. Wallahi ga shi nan, tut-tut-tut, ƙuh! Shekara goma ina yi wa inji rakiya ina cewa kai ne gwani.

Na je wajen Baffa. Ka san me? Ya koma injin sola! Ruwa na zuba shiru kamar gidan makoki. Tsohon injin yana ɗaki, kaji na ƙwai a gefensa. Na ce ya ara min, ya ce, "Da kuna hana ni jin kiran salla da ƙararku, yanzu kuma injin ne zai yi waƙar?" Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, amma ya bayar.

Sai na kai wa bakanike a tashar Kura, na ce ya tashe shi kawai. Shi kuma uban iyawa ya wanke, ya canja wannan ya ɗaure wancan. Inji ya tashi sumul, ko tari ɗaya babu. Na ce, "Wa ya ce ka warkar da shi?" Ya ce bai taɓa ganin wanda ya kawo gyara yana faɗa don an gyara ba. Saura kaɗan a raba mu.

Na koma wa Baffa. Ya ce ai tarin ba ciwo ba ne, ɗaurin totur ne. Wata robar taya ake naɗawa don kar ya sha mai da yawa, kuma kullum ɗan Malam, wato kai, ke ɗaura masa. Na gwada, Abuzar ya gwada. Ko dai ya mutu, ko ya yi ta ihu.

To ga inda muka tsaya. Tsohuwar "Ruwa Ya Iso" na cire ta daga kundin, na cire hotonka. Ba don wancan uban ba, don yaran. Sabuwa za mu ɗauka, jita da bes da inji, kuma ina gaya maka sai ta fi ta da, sai an kunna ta a kowace a-daidaita daga nan har Kwanar Dangora. Abu ɗaya ya rage. Ban ce ka taɓa sanda ba, ban ce ka taɓa fatar ganga ba. Tada injin ban ruwa dai ban taɓa jin wanda aka kwashe wa ɗalibai a kansa ba.

Naka,
Mudassiru

*

Bunkure, Talata

Mudassiru,

Wa'alaikumus salam. Ranar Alhamis babu karatu. Na ji albasar Baffa tana son ruwa, zan je da hantsi in taya shi. In wani ya zo da jita gonar, ba ni na gayyace shi ba.

A bayan kundin ka rubuta: ganguna, injin Baffa Hammadu.

Ka taho da robar tayar keke, ba ta babur ba. Ta babur ta yi kauri.

Ra'ufu